Kafin Ka Kafa Kyamara a Shagonka



Duk wanda ya zaga Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Sabon Gari a 'yan shekarun nan zai ga abin da babu shi a da. A bakin shago, a saman kanta, a ƙofar sito, ga 'yar kyamara nan a maƙale tana kallon mai shiga da mai fita. Gidajen mai sun sa, kantunan magani sun sa, makarantun kuɗi sun sa, har mai POS da ke cikin 'yar kwantena ya rataya tasa. Ina murna da hakan, domin dukiya amana ce, kuma tsare ta wajibi ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba a samun abin da aka biya dominsa. Ranar da aka fasa shago sai a taru a gaban allo, a mayar da hoto baya, a ga wani duhu-duhu mai kama da mutum ya shiga ya fita, ba fuska ba kamanni. Ko kuma a tarar na'urar ta mutu tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare da aka ɗauke wuta, ɓarawon kuwa ƙarfe uku ya zo.

Idan mai haɗa kyamara ya zo, tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, analog za a sa ko IP?" Alhaji kuwa amsarsa ba ta wuce biyu. Ko dai ya ce, "Wanne ya fi sauƙi?" ko ya ce, "Sa mini mai kyan, wanda zan riƙa gani a wayata ko ina Dubai." Daga nan an gama ciniki. Yau ina so mu tsaya a kan wannan tambaya mu warware ta, don ɗan kasuwa ya san abin da yake saye.

Kyamarar analog ido ce kawai. Tana ɗaukar hoto ta tura shi ɗanye ta cikin waya mai kauri, irin wadda ake jawowa daga dish zuwa talabijin, har ya isa wani akwati da ake kira DVR. Akwatin nan ne yake duk aikin: shi yake mayar da hoton lambobi, ya matse shi, ya ajiye a faifai. Kowace kyamara da tata wayar har zuwa akwatin, kuma kowace sai an kai mata wuta ta wata wayar daban. Ita kuwa kyamarar IP ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta. Ita take ɗaukar hoton, ta sarrafa shi, ta matse shi, sannan ta aika ta irin wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita a ofis, zuwa akwatin ajiya da ake kira NVR. A mafi yawan lokuta wayar nan guda ɗaya ita ce ke kai wuta, ita ce ke dawo da hoto. Wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Axis ne ya fara fito da irinta a 1996, kuma ta ɗauki shekaru tana hannun bankuna da manyan ma'aikatu saboda tsada.

A wancan zamani tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Tsohuwar analog ba ta wuce ƙarfin hoton talabijin na da ba, wato ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye, ko rabin megafiksel bai cika ba. Daga nan aka samo maganar da har yau wasu ke yi cewa analog ba ta nuna fuska. Amma tsakanin 2012 da 2014 kamfanoni suka fito da hanyoyin tura hoto mai tsabta ta cikin wannan tsohuwar waya. Su ne za ka ga an rubuta CVI ko TVI ko AHD a jikin kwali. Yau analog mai megafiksel 2 ko 5 ba baƙuwa ba ce a kasuwa. Saboda haka wanda ya ce maka analog ta mutu, ko bai bibiyi sana'arsa ba, ko yana da kayan da yake son rabuwa da su.

To, bari mu zo kan fuska, domin ita ce ainihin abin da ake saye. Hoton kyamara ɗigo-ɗigo ne, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. Idan ka ware su a kan fili mai faɗi, kowane mutum a filin zai samu 'yan kaɗan. Ƙa'idar da masana wannan fanni suke aiki da ita a duniya ta ce kafin a tantance baƙon mutum daga hotonsa ana buƙatar ɗigo kimanin 250 a kowace mita guda ta faɗin wurin da ake kallo. Wanda ka riga ka sani, kamar yaron shagonka, rabin haka ya isa ka gane shi. Kyamara mai megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a faɗi. Ka raba da 250, za ka ga ba ta kai mita takwas ba. Ma'ana, idan ka ɗora ta a saman bene ka ce ta rufe maka harabar fulaza mai faɗin mita talatin, za ta nuna maka cewa mutum ya wuce, amma ba za ta faɗa maka ko wane ne ba. Wannan lissafi ɗaya ne ko analog ce ko IP. Inda IP ta yi fice shi ne ta fi yawan zaɓi a manyan lambobi, megafiksel 8 zuwa sama, kuma hotonta ba ya raguwa a hanya, yadda ya bar kyamara haka yake isa akwati.

Akwai kuma wurin da aka kafa ta, wanda a ganina ya fi nau'inta muhimmanci. Masu haɗawa suna son kai kyamara can ƙarshen bango don kada a taɓa ta. Daga can sama abin da take gani shi ne saman hula da rawani. Mu kuwa mutane ne masu sa hula, matanmu masu sa hijabi da mayafi, ga takunkumin fuska da ya zama ruwan dare tun lokacin korona. Kyamara ɗaya da aka sa daidai tsayin mutum ko sama da shi kaɗan, tana fuskantar ƙofa, ta fi guda huɗu da ke leƙowa daga silin. Sai dai a lura da rana: idan hasken waje yana bayan mai shigowa, fuskarsa za ta fito baƙi ƙirin, sai in kyamarar tana da dabarar daidaita haske da duhu. Ka tambayi mai haɗawa wannan, ka sa ya nuna maka da tsakar rana, ba da la'asar sakaliya ba.

Yanzu ga inda nake ganin yawancinmu muke faɗuwa, wato wuta. Ɓarawon shago da dare yake zuwa, kuma da dare ne aka kashe janareta aka tafi gida. Kyamara takwas da akwatinsu, idan duhu ya yi 'yan jajayen fitilunsu na gani da dare suka kunna, za su ci wat 60 zuwa 80. Daga rufe kasuwa da magariba zuwa buɗewa da safe awa goma sha huɗu ne, wato wajen wat 1000 ke nan a jimillar daren. Batir ɗin inbata mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1200 a rubuce, amma irin na gargajiya in kana son ya yi ƙarko ba a shanye fiye da rabinsa. Ka ga ke nan guda ɗaya ba zai kai ka asuba ba idan Nepa ba ta leƙo ba. Wanda ya kashe duk kuɗinsa a kan kyamarori masu tsada ya bar batir da sola sai daga baya, ya sayi tsaron rana ne, lokacin da shi da yaransa suke zaune a shagon da idanunsu. IP ma takan ɗan fi analog jan wuta, tunda kowace kyamara kwamfuta ce, ga kuma na'urar da ke rarraba musu wuta.

Wannan darasi ba na ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ne. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 don tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kafa kyamarori a titunan Abuja da Legas, da bashin da aka ciwo daga Sin. Bayan 'yan shekaru sai ga turakun a tsaye ba sa aiki, an kwashe batura da allunan sola na da yawa daga cikinsu, har majalisar wakilai ta zauna bincike a kai. Kayan na zamani ne, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Abin da aka rasa shi ne mai kula da su bayan an kafa.

Maganar waya kuma ba ta da daɗin ji, amma ita ce ke kashe aiki a ɓoye. Wayar IP tana da iyaka, mita 100. In ta wuce haka sai an sa wata na'ura a tsakani ko a koma wayar gilashi da ake kira faiba. Wayar analog mai kyau takan kai mita 300, wani lokaci har 500, ba tare da wani ƙari ba. Saboda haka mai sito mai tsawo a Dawanau, ko mai gidan gona da katangarsa ta yi nisa da ofis, ya san cewa a nan analog tana da abin faɗa. A ɗaya ɓangaren, mai fulaza hawa uku da kyamara talatin, idan analog ya zaɓa, waya talatin ce za ta taru a ɗaki guda. Da IP kuwa kowane hawa sai a tara nasa a ƙaramin akwati, waya ɗaya ta sauko. Gobe in ya ƙara gini, sai ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ko wacce ka zaɓa, ka tsaya a kan wayar jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da waya wadda cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A ido iri ɗaya ce, a farashi ta fi sauƙi, amma tana cin wuta a hanya, tana karyewa a mahaɗa. Alamarta ita ce kyamara ta yi lafiya lau da rana, da zarar dare ya yi fitilunta suka nemi ƙarin wuta sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Ka kankare bakin wayar da reza a gaban mai sayarwa. In ka ga fari a ciki, ka ajiye masa abinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ga kuma tsawa a damina, wadda ke bin doguwar waya ta ƙone akwati gaba ɗaya in ba a sa kariya ba, da ƙurar hunturu da yanar tautau da ke taruwa a gilashin kyamara, hasken dare ya daki ƙurar ya dawo, hoto ya zama farin hazo. Tsumma mai laushi sau ɗaya a wata ya ishe shi, amma sai an ɗora wa wani wannan aiki da sunansa.

Sai faifan ajiya. Kyamara ɗaya mai megafiksel 2, a matsakaicin saiti, tana cin wajen gigabait 20 a kwana. Guda takwas za su cika faifai mai terabait 1 cikin ƙasa da mako guda, daga nan sabon hoto ya riƙa hawa kan tsoho. Alhali satar da ta fi cin ɗan kasuwa ba ta dare ɗaya ba ce, ta kaɗan-kaɗan ce, wadda ba a ganowa sai ranar lissafin kaya a ƙarshen wata. Ka je duba hoto ka tarar an daɗe da shafe shi. Ka faɗa wa mai haɗawa kwana nawa kake son ajiyewa, shi ya yi maka lissafin girman faifai. Kuma ka nemi faifan da aka ƙera don wannan aiki, mai jure rubutu dare da rana, kada a sa maka wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta.

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Wasu suna zaton IP ba ta aiki sai da data, analog kuma ba a ganinta a wayar hannu. Duka biyun ba haka ba ne. IP tana naɗar hotonta a cikin gida ko babu intanet sam, akwatin analog kuma in ka haɗa shi da intanet za ka ga shagonka daga Makka. Data tana shigowa ne lokacin da kake kallo daga nesa, kuma in ka buɗe cikakken hoto na kyamara ɗaya awa guda za ka iya ƙone kusan gigabait guda. Amma ka sani, ranar da ka buɗe wa kanka wannan ƙofa, ka buɗe ta ga duk wanda ya san kalmar sirri. A ranar 21 ga Oktoba 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara dubban na'urori a faɗin duniya, da yawansu kyamarori da akwatunan DVR, aka yi amfani da su aka kai hari kan wani kamfanin intanet a Amurka mai suna Dyn, har Twitter da Netflix suka gagari mutane na tsawon awanni. Ba wata gagarumar dabara aka yi ba. Manhajar tana ɗauke da jerin kalmomin sirri kimanin 60 waɗanda na'urori ke zuwa da su daga kamfani, irin su 12345, tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ƙofofi suna buɗewa.

Manyan ƙasashe suna da tasu fargabar. Yawancin kayan da ke kasuwanninmu na kamfanoni biyu ne da ke birnin Hangzhou a Sin, Hikvision da Dahua, kuma tun 2018 Amurka ta yi dokar hana ma'aikatun gwamnatinta sayen kayansu. Wannan tsakaninsu ne. Haɗarin mai shago a Kano ko Maraɗi ya fi haka kusa. Shi ne mai haɗawar da ya buɗe asusun kallon kyamarorin da lambar wayarsa ya tafi da kalmar sirri, da tsohon yaron shago da aka sallama amma har yau manhajar kallon tana wayarsa, yana ganin lokacin da ake ƙirga kuɗi da inda ake ajiye su. Asusun nan ya zama da lambarka, kalmar sirrin ka sauya ta da hannunka bayan an gama aiki, kuma duk ranar da wani ya bar aiki a sake sauyawa. A kan wannan ba na sassautawa.

To wa ya kamata ya sayi wacce? Ra'ayina ke nan. Mai shago ɗaya ko biyu, mai kantin magani, mai gidan abinci, duk wanda buƙatarsa ba ta wuce kyamara huɗu zuwa takwas ba, analog ta zamani ta ishe shi. Ta fi sauƙin kuɗi, masu gyaranta sun fi yawa, kuma ba ta da yawan saiti da zai rikice. Rarar da ya samu ya zuba ta a batir, da waya ta gaske, da babban faifai. Wanda kuma yake da tsofaffin wayoyin analog a bango, ba sai ya fasa gini ba. Ya sauya kyamarori da akwati kawai, ya nemi irin akwatin da ke karɓar nau'i biyun, yadda zai iya ƙara IP guda ɗaya mai ƙarfi a kan ƙofa ko a kan durowar kuɗi. Amma mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, mai gidajen mai a garuruwa daban-daban, mai makaranta ko asibiti da ginin ke ƙaruwa kowace shekara, wannan ya tafi IP kai tsaye. A nan ne za a ci moriyar karanta lambar mota, da ƙararrawa in mutum ya tsallaka katanga, da tattara rassa duka a allo guda. Da yawa daga kyamarorin IP kuma suna karɓar ɗan katin ajiya a jikinsu, ko an ɗauke akwati hoto yana nan. Ya dai tabbata kayan suna ɗauke da alamar ONVIF, ƙa'idar da Axis da Bosch da Sony suka assasa a 2008 don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, kada ya wayi gari a ɗaure da kamfani guda. Kuma ya nemi wanda ya san harkar haɗa kwamfutoci, domin jan waya kaɗai ba ya wadatarwa a nan. Kyamarori marasa waya masu aiki da layin waya da sola suna da amfani a gona ko filin gini, amma ban ba da shawarar a dogara da su wajen tsaron kuɗi ba.

Akwatin ajiyar hoto kuma kada a ɗora shi a kan kanta kusa da allo. Ɓarawon yau ya san shi, shi yake fara cirewa. A ɓoye shi a wuri mai iska, a kulle. Masu shaguna a kasuwannin da suka ga gobara, irin wadda ta cinye Sabon Gari a 2016, su tuna cewa wuta ba ta barin faifai, don haka ajiye kwafin muhimman kyamarori a wani wuri daban ba ɓarnar kuɗi ba ce. A daidaita agogon na'urar ma. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abin da na'ura ta naɗa a kotu, amma sai an nuna cewa tana aiki daidai a lokacin, tare da takardar shaida. Hoton da ke nuna shekarar da ba ita ba, lauyan wanda ake zargi zai yi murna da shi.

Kada kuma mu manta cewa mutane muke ɗauka. Yaran shagonka su san akwai kyamara, ka faɗa musu da bakinka, ka nuna musu cewa tana kare mai gaskiya daga ƙazafi kamar yadda take kama maci amana. Banɗaki, da ɗakin gwada kaya, da inda mata ke sallah ko shayarwa, ba wurin kyamara ba ne, kuma kada a karkata ta tana leƙa tsakar gidan maƙwabci. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane tun kafin a ƙera kyamara, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta ɗauki hoton da ake gane mutum a cikinsa a matsayin bayanin da ke da hakki. Watsa bidiyon wanda ake zargi a WhatsApp kafin bincike ya sha jefa marasa laifi cikin bala'i. A kai wa 'yan sanda.

Kafin ka biya mai haɗawa cikon kuɗinsa, ka ce masa, "Malam, sai mun gwada da dare." Ku dawo bayan isha'i, ka sa wani da ba ɗan shagon ba ya sa hula ya shigo ya fita. Ku kashe wutar gaba ɗaya ku ga ko na'urar ta ci gaba da aiki. Washegari ka zauna da kanka, ba shi ba, ka nemo wannan minti, ka kwafe shi a filashi, ka buɗe a wata kwamfuta, ka nuna wa maƙwabcinka ka tambaye shi ko zai gane mutumin in ya gan shi a hanya. In ya ce zai gane, ka biya. In ya ce a'a, a ɗauko tsani a sake wa kyamarar wuri.